Irin Kaka Ya Dawo Gida

Kakata tana da wata jar shinkafa da ba a sayar da irinta a kasuwar Bagudo. Ba ta da kyan gani, amma in aka tuƙa tuwonta, ƙamshin har zaure. Ta ce tun kakannin kakanninta ake shuka ta a bakin kogi, tun babu wanda ya san inda Nijeriya ta tsaya Benin ta fara.

Al'adarsu ita ce ba a barin iri a gida ɗaya. Kowace shekara bayan girbi sai Kaka ta auna mudu guda ta aika wa ƙanwarta da ke aure a tsallaken iyaka, ita ma ta aiko da nata. Shekarar da ambaliya ta shafe fadamarmu ta jiƙa rumbu, ko ƙwaya ba ta tsira ba. Kaka ta daina hira. Da na zo hutu, ta sa aka kira mini ɗan kabu-kabu in tsallaka in karɓo mata irin.

Na tarar da ƙanwar tata tana tsintar wake. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Iri? Ai na tuƙe shi da sallah, jikalle. Daɗi kamar mi!"

Ta bar ni har idona ya ciko, sannan ta fashe da dariya, ta shiga ɗaki ta fito da gora, bakinta a liƙe da laka.

"Ki ce wa tsohuwar nan ta iya ajiya. Ni na gaji da yi mata gadi."

A hanyar dawowa na rungume gorar kamar jaririya, ina jin ƙwayoyin suna raɗa a duk ramin da muka faɗa. A shingen iyaka wani jami'i ya tsayar da mu.

"Malama, mi kika ɗauko?"

"Shinkafa ce, yallaɓai."

Ya ɗaure fuska. "Ta waje?"

"A'a, 'yar gida ce. Baƙunci ta je."

Ya ɓalle lakar, ya zuba kaɗan a tafinsa, ja da ƙaiƙayinta. Ya daɗe yana kallo.

"Uwata ma tana shuka wagga," ya ce, ya mayar da ita ƙwaya ƙwaya.

Kaka ba ta amsa sallamata ba sai da ta tura hannu cikin gorar. Daga nan ta tambayi lafiyar ƙanwarta, ta kuma ce ƙarya take yi, mudun bai cika ba.