Takardar Makarantar da 'Yata Ba Ta Taɓa Shiga Ba

A shekarar 2009 da na bar Kano zuwa Dubai, ni malamar lissafi ce wadda ta yi shekara bakwai tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma ina cikin malaman nan da ba a gyara musu rubutu a allo. Shekarata talatin da ɗaya, da 'ya guda mai shekara shida. Maigidana ya riga mu zuwa, yana aikin kago a Naif, wato shi ke karɓar kayan da 'yan kasuwarmu suka sara, ya auna, ya ɗaure, ya tura musu gida. Ya kama mana ɗaki ɗaya da falo a hawa na uku a Abu Hail. Ban rubuto wa mujallar nan don a tausaya mini ba, abin da ya faru ya riga ya faru. Na rubuto ne don na ga mata da yawa suna bin hanyar da na bi, kuma babu wanda ke gaya musu inda ramin yake.

A watan farko mun zaga makarantu biyu. Ta farko ta fi ƙarfinmu. A ta biyu, muna jiran a kira mu, na karɓi littafin wata yarinya da ke zaune kusa da ni na duba, sai na ga lissafin da ba daidai ba an ja masa jan biro an ce daidai ne. Wannan shafi guda ya ishe ni hujja. Ga shi kuma maigidana ya ce shekara biyu kawai za mu yi mu koma, don haka na ce babu amfanin a ɗora yarinya kan manhajar wata ƙasa, badi a sauke ta. Na ce ni da na koyar da 'ya'yan wasu ba zan kasa koyar da tawa ba. Bai yi musu ba, ya ce harkar karatu tawa ce, shi tasa sikeli da igiya.

Ban yi abin da wasa ba, wannan kam zan faɗa. Na sayi farin allo na kafa a bangon falo, na ɗinka mata yunifom kala biyu. Kullum da ƙarfe bakwai da rabi, daga Lahadi zuwa Alhamis kamar yadda makarantun garin ke yi a lokacin, sai ta saka yunifom, ta goya jaka, ta fita ƙofar gida, ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama ta shigo. Daga nan har azahar ba Umma ba ce ni, Malama ce. Littattafai kuwa daga Kano ake kawo mana. Duk hajiyar da za ta zo sari sai na haɗa ta da saƙo, ta zo da littafin Turanci ko na kimiyya a ƙasan jakarta tare da kuka da daddawa. Kilo da giram a sikelin babanta ta koye su. Ranar Alhamis mukan hau ƙaramin jirgin ruwan fito mu tsallaka rafin Deira, in nuna mata manyan jiragen katako da ake loda wa kaya, ta dawo ta rubuta abin da ta gani. Da la'asar hadda, da daddare hira da Hausa zalla. Tana shekara tara tana warware lissafin da na san 'yan ajin farko na sakandare na tuntuɓe a kansa. Takan tsaya a taga da safe ta kalli motocin makaranta masu ruwan ƙwai suna ɗaukar yaran unguwa, ni kuma in ce ta bar tagar, lokacin darasi ya yi.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya, tana da ɗa guda a makaranta. Muna shiri sosai, ita ma Malama take ce mini, takan aiko ɗanta in duba masa lissafi. Sau uku tana yi mini magana ɗaya. Ta ce garin nan ana tambayar takardar mutum kafin a tambayi sunansa, in nemi makarantar da ake yi daga nesa wadda ke ba da sakamako duk shekara in yi wa yarinyar rajista, ko in je ofishin ilimi in tambayi yadda masu koyarwa a gida ke yi. Na ce mata ilimi a ka yake, ba a takarda ba, kuma mu badi muna gida. Ta yi dariya ta ce tun da ta san mu muke komawa badi, ko akwatinmu bai gaji da jira ba. Wanzami ba ya son jarfa, a karo na uku na ɗan ɗaure mata fuska, ba ta sake tayar da zancen ba.

Haka badi ta yi ta zama bana har shekara shida. A tsawon lokacin sau biyu kawai muka je gida, kowanne na wata guda da sallah. A farkon 2015 maigidana ya haɗa gwiwa da wani suka buɗe nasu ofishin kagon, ya shigo wata rana ya ce khalas, shi ke nan, zancen komawa a ajiye shi, nan ne wurin nemansa. A lokacin yarinyar tana shekara goma sha biyu, ta fara yi mini tambayoyin kimiyya da sai na faki idonta na duba littafi. Tana son ta ga ɗakin gwaje-gwaje da idonta, tana son ƙawaye. Na yarda da kaina cewa falo ya yi mata kaɗan. Muka sami wata makaranta mai kyau ba nisa, ta zauna jarrabawar shiga, aka kira ni aka ce ba su daɗe da ganin takardar lissafi irin tata ba.

A ofishin rajista ne na yi kuskuren farko. Matar da ke wurin, mai kirki ce da sanyin murya, ta ce saura in kawo shaidar barin tsohuwar makarantarta da sakamakon shekarun baya. Akwai iyaye mata huɗu a bayana suna jiran layi, ɗaya ma 'yar Najeriya ce. Amsar gaskiya ita ce yarinyar ba ta taɓa shiga wata makaranta ba, ni na koyar da ita. Sai na ga kamar zan tsaya gaban mutane in ce na kulle 'yata a ɗaki shekara shida. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa takardun suna Najeriya, zan sa a aiko. Ta ce babu damuwa, ta ba ni mako uku.

Akwai wata hajiya mai sarin abaya da takalma da kan zo cin tuwo gidanmu duk zuwanta. Na ba ta labari, ta ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, shwaiya shwaiya, wato a bi a hankali, ƙaninta yana da makaranta mai zaman kanta a Kano, kuma yarinya ai ta yi karatun, takarda ce kawai za ta bi ta. Wannan magana ta kwanta mini, don ita nake so in ji. Maigidana ya ce shi bai so ba, amma ya maimaita abin da ya saba faɗa, harkar karatu tawa ce. Cikin mako biyu ambulan ya iso ta hannun wani fasinja: sakamakon aji ɗaya zuwa shida, zango-zango, da hatimi, da sa hannu, har da inda malamin aji ya rubuta cewa yarinya ce mai natsuwa. An ba ta na biyu a wasu zangunan don kada abin ya yi yawa.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda ya fi tsaya mini. Na tsaya gaban allon nan na rubuta sunan makarantar, da unguwar da take, da kalar yunifom ɗinsu, da sunan shugaban makaranta da na malamin ajinta, na ce ta haddace. Kwana uku muna yi. Ta haddace tsaf kamar yadda take haddace duk abin da na rubuta mata, har tambayoyi na yi mata ina gyara inda ta yi gargada. Sau ɗaya ta ɗago ta ce idan aka tambaye ta sunan ƙawarta a can fa, na ƙirƙiro suna na ƙara a allon. Ta kwafa a littafinta.

Ranar da muka kai takardun, matar ta karɓa ta jera su a tebur, ta ɗauko fasfon yarinyar ta ajiye a gefe. Ta tambaye ta labarin tsohuwar makarantarta, yarinyar ta zubo komai ba tuntuɓe, har da sunan ƙawar. Matar na saurare tana buɗe shafukan fasfon ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake taƙama da lissafi ban lissafa wannan ba: bizar zaman yarinyar ba ta taɓa yankewa ba tun zuwanmu, kuma hatiman shige da fice sun nuna tafiya biyu kacal. Takardar hannuna na cewa tana rubuta jarrabawa a Kano a ranakun da fasfo ke cewa tana Abu Hail. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko zira'i bai kai ba.

Matar ta ce yarinyar ta jira a waje. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni wa ya koyar da ita, na ce ni ce. Sai ta ce da na faɗi haka tun ranar farko da ta nuna mini hanyar da ake bi, wataƙila a mayar da ita baya da aji ɗaya, amma da an sami mafita, don ba ni ce ta farko ba. Yanzu kuwa da na miƙa wannan takarda, ba za ta iya ɗaukarta ba. Ta ce saboda yarinyar ba za ta kai maganar gaba ba, in kwashe takarduna in tafi. Na yi godiya, na kwashe, na fita.

A cikin tasi muna komawa yarinyar ta daɗe tana kallon titi. Sai ta tambaye ni ko ita ce ta yi kuskure a haddar. Na ce a'a, ta faɗa daidai. Can kuma ta sake tambaya, wai abin da muka yi shekara shida a falo ba makaranta ba ne, shi ya sa ba a faɗa. Na ce wa direban ya shiga ta kwanar gaba.

Na gwada wasu makarantu biyu, wannan karon da gaskiyata. Sun saurare ni, amma gurabe sun cika, kuma hanyar da za a bi tana son lokaci, sai dai wata shekarar. Maigidana ya ce ba za ta ƙara shekara a falo ba, kuma a wannan karon bai ce harkar tawa ce ba. Ya yanke cewa ta tafi Kano wajen yayata. A watan Satumba muka raka ta filin jirgi muka haɗa ta da wata mai komawa gida. Maƙwabciyata ta zo rakiya, ba ta ce ai na gaya miki ba, ta riƙe mini jaka kawai. Ni da na ƙi kai 'yata makaranta a nan kusa da gida, yanzu sai dai in ji muryarta a waya ranar Juma'a, in ta ga dama ta yi doguwar hira.

Ban ce koyar da yaro a gida laifi ba ne, har yau ina ganin yarinyar ta samu abin da ba lalle ta samu a aji mai mutum talatin ba. Laifina biyu ne. Na zauna a ƙasar mutane da ƙafa ɗaya a waje, ban tambayi ƙa'idarsu ba don ina ganin gobe zan tafi. Sannan da ranar tambaya ta zo na ji kunyar aikin da na yi da hannuna, na sayi ƙarya na rufe shi, na kuma sa yarinya ta ɗauke ta a kanta. 'Yan'uwana mata da ke zaune a waje kuna koyar da 'ya'yanku, ku je ku tambaya tun yau, ku ajiye shaidar kowace shekara, kada ku dogara da badi. In kuma an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka yi, ko da mutum goma ne a bayanku a layi.

A Kano an gwada ta, an sa ta aji biyu na ƙaramar sakandare. Yayata ta gaya mini a waya cewa a fom ɗin shiga akwai gurbin da ake rubuta makarantar da ɗalibi ya baro, ta ɗauki biro za ta bar wurin fili, sai yarinyar ta karɓa ta cike da kanta. Ta rubuta cewa a gida ta yi, mahaifiyarta ce ta koyar da ita. Shugabar makarantar ta karanta, ta sa hannu, ta ce wa yarinyar ta shiga aji.