Malam Abdulbaƙi Ari, Alƙalin Wasan da Ya Yi Gaggawar Sa Hannu

Haihuwa da asali

An haifi Malam Abdulbaƙi Ari ranar Talata, 4 ga watan Maris na shekarar 1958, a Ƙofar Mazugal cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Alaramma Ari, jikan mutanen Barno ne da suka daɗe da zama Kanawa, mahaifiyarsa kuwa Malama Bintu. Sana'ar Alaramma rubuta Alƙur'ani da ka, kuma an san shi da cewa ba ya rubuta sunansa a ƙarshen mushafi sai gwanaye biyu sun bi shi baƙi da wasali, ko da mai shi zai shekara yana jira. A gindin wannan tawada Abdulbaƙi ya tashi.

Karatu da aiki

Ya yi karatun allo a zauren gidansu, ya shiga firamare a 1965, ya kammala kwalejin horon malamai a 1978. A can ya haɗu da ƙwallon kwando, duk da Allah bai ba shi tsawon da zai kai ko'ina a cikinta ba. Abokansa kan ce da a ce kwandon a ƙasa ake ajiye shi, da ya yi suna. Da ya ga haka sai ya koma wa usur, ya sami shaidar alƙalanci a 1982.

A kwalejin kuma ya sami amini, Malam Umar Isyaku na Gwale, mutum mai kyawun rubutu da ƙarancin magana, wanda ya zama marubucin maki. Shekara goma sha ɗaya suna tafiya tare a kan babur ɗaya, wannan a fili da usur, wancan a tebur da biro, har 'yan wasa suka riƙa kiransu Hasan da Husaini.

Aure da iyali

Ya auri Malama Bahijja, 'yar wani maɗinki a Ƙofar Ɗan Agundi, a shekarar 1987, Malam Umar ne babban aboki. Allah ya ba su ɗan fari namiji a 1990.

Wasan 1993

Ranar Asabar, 17 ga Yuli 1993, aka buga wasan ƙarshe na wata gasar makarantun sakandare, Malam Abdulbaƙi ne babban alƙali, Malam Umar a tebur. Dokar wasan a bayyane take: idan marubuci ya yi kuskure a lissafin maki, ana gyarawa ko bayan tashi ne, ko da gyaran zai sauya sakamako, muddin babban alƙali bai sa hannu a takardar maki ba. Da zarar ya sa, ƙofa ta rufu, abin da ya rage kawai shi ne ya aika wa kwamitin gasa rahoto.

An tashi 58 da 57. Hadari ya haɗu, babban baƙo ya miƙe yana duba agogo, shugaban kwamiti yana ta yafito alƙali don a ba da kofi. Malam Umar ya dafe takardar da tafin hannu ya ce, “Dakata, Malam, lissafina bai cika ba. Ba ni minti biyu.” Malam Abdulbaƙi ya zare ta daga ƙarƙashin hannunsa ya ce, “Haba Umar, yaushe ka taɓa kuskure?” Ya sa hannu.

Kafin a gama tafi aka gano abin. Wata jifa mai maki uku ta waɗanda aka ce sun sha kaye an rubuta ta biyu, wato kunnen doki aka yi, ƙarin lokaci ya kamata a shiga. Yara suka yi kuka, malamansu suka yi ca a kan tebur, amma bakin alƙalami ya bushe.

Washegari Malam Abdulbaƙi ya rubuta rahoto shafi biyu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai babu wannan “dakata”. Tsoro ne ya hana shi, domin a lokacin sunansa na cikin waɗanda za a ɗaga zuwa matakin ƙasa. Kwamiti ya dakatar da Malam Umar daga tebur har abada, shi kuma aka yaba masa da gaskiya. Malam Umar bai kare kansa ba, bai kuma sake taka Ƙofar Mazugal ba.

Shekarun ɗaukaka

An ɗaga shi a 1994, ya busa usur a jihohi da dama, ya sauke farali a 2003, ya koma horar da sababbin alƙalai a 2006. Ɗalibansa sun sha wuyarsa a kan abu guda: ba ya barin kowa ya sa hannu sai an bi takarda sau biyu da yatsa, kuma sai an tambayi marubuci ko yana da magana. Sun ɗauka tsabar tsantseni ne irin na gidan alarammomi. Malama Bahijja kaɗai ta san dalili, ita ce kuma ta shekara ashirin tana ce masa Gwale ba Makka ba ce, ƙafa ma tana kai mutum.

Sai a 2015, bayan ya yi ritaya daga koyarwa, ya rubuta rahoto na biyu mai layi huɗu, ya faɗi abin da ya ɓoye. Aka amsa masa da ladabi cewa kwamitin da ya yi hukuncin ya daɗe da watsewa, fayil ɗin ma ba a san inda yake ba. Ya ɗauki kwafin da kansa zuwa Gwale. Ya tarar da Malam Umar a zaure, ciwon suga ya ci idanunsa, ya karanta masa. Malam Umar ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ai kai ka koya wa mutane dokar, Abdulbaƙi. Ka riga ka sa hannu.” Malam Abdulbaƙi ya dawo gida ya kwana biyu bai ci abinci ba. Kowace Sallah bayan nan sai ya koma, a gaisa a mutunce, maganar ba ta ƙara tashi ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin Alhamis, 9 ga Satumba 2021, yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar wata huɗu. An sallace shi bayan Azahar a ƙofar gidan mahaifinsa. Da liman ya roƙi duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa ya yafe masa, sai aka ji wani makaho daga sahun baya yana tambaya ko an riga an sa shi a kabari. Aka ce masa tukuna. Malam Umar ya ce, “To, akwai sauran gyara. Na yafe masa, Allah shaida. Da na sani jiya na zo.” Ya ce a kama hannunsa a ɗora a kan makara, da shi aka kai gawar har maƙabarta.

Marigayin ya bar matarsa, Hajiya Bahijja, da jikoki tara, da 'ya'ya biyar: Zaituna, Naziru, Shamsiyya, Luba, sai babbansu Umar, wanda aka raɗa wa sunan aminin mahaifinsa shekara uku kafin wasan, kuma a ranar jana'izar ne ya fara gaisawa da mai sunan tun da ya yi wayo. Allah ya jiƙan Malam Abdulbaƙi, ya shafe masa kurakuransa.