Haƙorin Makkan da Na Ara

A shekarar da abin nan ya same ni, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Korgom, ina da aure, ina goyon ɗiyata ta fari. Na rubuto wa wannan mujalla ne don na ga an koma shirya tarukan marubuta, 'yan mata kuma suna ta ɗoki irin wanda na taɓa yi. Ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, damina kuma ta yi gardama. Hatsi ya tashi iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Mazan garin suka watse cin rani, mata suka koma shiga daji tsinkar anza, su yi ta jiƙa ta har ɗacin ya fita kafin a sa a baki. Ajina da ke cika har bakin ƙofa ya rage saura tsiraru, su ma barci suke yi saboda yunwa. Abin da ke ɗebe mani kewa shi ne littattafan soyayya da maigidana ke riƙo mani in ya je Maraɗi sarin kaya. Na karanta har na ji ni ma zan iya, sai na fara rubuta nawa: labarin wata yarinya da saurayinta ya tafi cin rani, wani babba a hukuma ya shiga nemanta da buhunan hatsin agaji. Zancen hatsin a bakin rijiya na tsince shi. Mata na cewa mota ta kawo taimako Tasawa, an kulle a mangaza, ɗakin ajiyar hukuma, manya na ci a ɓoye. Ban bincika ba. Da na zo ba mugun da ke cikin labarina kamanni, sai na tuna wani mutum da na taɓa gani sau ɗaya a tashar Tasawa: dogo, mai ɗan ɗingishi, da haƙorin Makka a gefen hagu, yana ƙwanƙwasa makullin mota a tafin hannunsa in zai yi magana. Na kwashe shi ɗungurungum na zuba a takarda, ban san ko wane ne ba, ban kuma damu in sani ba.

Ana nan sai na ji a rediyo cewa za a yi taron masu karatu da marubutan soyayya a Tasawa, har da baƙi daga ƙetaren iyaka, kuma za a ba sababbin marubuta dama su karanta nasu. Maigidana bai so ba. Ya ce taro a zamanin soja ba wurin mace mai goyo ba ne, kowa bakinsa yake riƙewa. Na yi ta magiya har ya sakar mani. Na bar ɗiyata wurin uwar mijina bisa alkawarin zan dawo kafin la'asar, na hau kabu-kabu da takarduna a jaka.

Ba zan ɓoye ba, da na shiga zauren na manta da akwai fari a duniya. Ƙamshin turare, mata sun sha lalle, littattafai jere a kan tebura, marubutan da nake ganin sunayensu a bango ga su zaune kamar kowa. Wata budurwa ta tsare wata marubuciya tana tambayarta dalilin da ya sa ta kashe saurayin littafinta, zaure ya kwashe da dariya. Wanda ya shirya taron, wani saurayi mai gabatar da shiri a rediyo, ya sanar cewa babban baƙo bai iso ba tukuna, amma za a fara. Da aka kira ni, sai na kafa idona a takarda na ƙudurta ba zan ɗaga kai ba sai na gama. Ina cikin karatu na ji ana jan kujeru a gaba, ana gaisuwa ƙasa-ƙasa, na san baƙon ne ya shigo, amma ban duba ba. Da farko mutane na biye da ni, ana tafi, ana cewa Allah sarki. Da na iso wurin ɗingishi sai tafin ya tsaya. Na karanta haƙorin Makka, na karanta makullin mota, na karanta yadda ya buɗe mangaza ya ɗebi buhu ya kai gidan su yarinyar. Zauren ya yi tsit har ina jin ƙarar fanka. Wata tsohuwa ta ja salati. Mai shirya taron ya matso yana jan wayar mikro a hannuna, ni kuwa na ɗauka gyara mani yake.

Sai na ɗaga kai. Yana zaune a layin gaba cikin kaki, makullin mota a hannunsa, bakinsa a ɗan buɗe, haƙorin na ƙyalli. A bayansa wata mata ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice. Ashe shi ne mataimakin sojan da ke riƙe da yankin, shi ke kula da hatsin agaji, shi ne kuma ya sa hannu aka ba da izinin taron.

Ban san sa'ad da takardun suka zube ba. Jandarmomi suka tsaya a ƙofa, aka ce taro ya tashi. Aka sa ni a mota, ni da mai shirya taron da wata Hajiya, babbar cikin marubutan da suka zo, wadda ta ce ba za a tafi da yarinya ita kaɗai ba. A ofishinsu aka zaunar da mu a benci, wani ya shiga yi mani tambayoyi, ya yi da Faransanci ya koma Hausa. Wa ya aiko ni, 'yan siyasar da aka tumɓuke ne suka rubuta mani, wa ya gaya mani zancen mangaza. Na rantse cewa ƙagaggen labari ne, ya ce ƙage ba ya zuwa da haƙori da ɗingishi. Abin da ya fi so shi ne sunan wadda ta fara zancen. Na san ta sarai, uwar wata ɗalibata ce, mijinta ya tafi ya bar ta da yara da rumbu wayam. Sunan ya zo mani har bakin harshe, don na ga shi ne ƙofar fita. Na haɗiye, na ce zancen rijiya ba shi da uwa ba shi da uba. Ya buga tebur ya ce to zan zauna har in tuna.

Aka kira la'asar ina nan zaune. Nonona ya cika ya yi tauri, ya fara zuba har gaban rigata ya jiƙe, ga maza na shiga suna fita. Ina tuna ɗiyata da ba ta taɓa cin komai ba sai nono, sai kuka ya ƙwace mani. Hajiya ta cire mayafinta ta lulluɓe ni, ta dubi mai tambayar ta ce, “Ɗana, dubi gaban rigar wagga yarinya. Akwai jaririyar da kake horo a ƙauye da ba ta rubuta komi ba.” Ya tashi ya fita.

Can sai ga mai haƙorin Makkan da kansa. Na zaci zagi ko mari, amma ya ja kujera ya zauna. Sannan ya ce, “Madam, kin san ni?” Na ce a'a. Ya ce, “To mi na yi maki?” Ya gaya mani cewa matar da ta fita uwar 'ya'yansa ce, mai son littattafan nan kamar ni, ita ce ta dame shi har ya roƙi maigidansa a bar taron, alhali an so a hana. Yanzu ta haɗa kaya ta nufi gidansu a Mayahi, ta yarda akwai wata yarinya a ƙauye, tunda ga shi an karanta gaban jama'a. Hatsin kuma, in ji shi, umarni ake jira daga sama, shi ma ya gaji da jiran. Ya miƙe ya ce a sake mu saboda jaririyar, ba don ni ba. Na buɗe baki in roƙi gafara, ya riga ya juya.

Na iso gida rana na faɗuwa, na tarar ɗiyata ta yi kuka har muryarta ta dushe. An ba ta nonon akuya, ya ɓata mata ciki, muka yi ta jinya. Maigidana bai ce mani ai na gaya maki ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ba a jima ba aka yi mani canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Isawan, inda ruwan sha ma sai an yi tafiya. Saurayin rediyon ya rasa shirinsa. Marubutan suka koma da littattafansu a ɗaure, aka kuma yi shekaru ba a sake irin taron ba a yankinmu. Hatsin an raba shi daga baya, har ƙauyenmu ya samu, amma wannan bai wanke mutumin ba. Na ji 'yan kasuwa sun liƙa masa sunan mugun da ke cikin labarina, suna faɗa in ya ba da baya. Matarsa ta dawo bayan an sha wahala, shi kuma ya nemi a ɗauke shi daga garin. Ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya shi ne, alƙalami ba ya son wasa, kuma fuskar mutum ba kayan aro ba ce. Ƙannena masu rubutu, in za ku ƙagi mugu ku ƙage shi tun daga kai har ƙafa, kada ku ɗauko bawan Allah a tasha ku rataya masa laifin da ba ku gani da idonku ba. Jita-jita kuma a bar ta inda aka ji ta, domin in ta hau takarda ta sami mikro, rantsuwa ba ta sauke ta. Har yau akwai masu tare ni a biki su ce ni ce jarumar da ta faɗa wa soja gaskiya a gabansa. Wannan yabon ya fi zaman bencin nan yi mani ciwo, domin ni dai ban san ko ya taɓa ɗaukar ƙwayar hatsi ɗaya ba.