Malam Abdulwahabu, Ka Tafi da Sunan Manhajar

Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, ina zaune gaban kwamfutar ofis ina jiranka, aka shigo aka ce mota ta buge babur ɗin ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ka daga Ƙofar Marke, rai ya yi halinsa. Ban yi kuka nan take ba, Malam. Hannuna kawai na ɗauke daga kan maɓallai, na rasa inda zan ajiye shi.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Bitrus, mai buga takardun jarrabawa a wata makaranta a Mabera, kai kuma malamin kwamfuta. Kowa ya san halinka. In ka saka wa mutum sabuwar manhaja, ba ka ajiye masa alamarta a fuskar kwamfuta, ko zai yi ta roƙo. Sai ka ce ya danna maɓalli mai hoton taga, ya rubuta farkon sunanta, ya buɗe da kansa. Malama Sadiyatu ta taɓa yin fushi a kan haka, ka yi dariya ka ce, "Malama, in ba ni nan fa, mi za ki yi?" Yau ita ke koya wa wasu.

Akwai abin da ba wanda ya sani a makarantar sai kai. Idanuna suna mutuwa. Likita ya ce babu gyara. Kai ka lura ina manna hanci a gilashin kwamfuta kamar mai shinshina miya, ka jira kowa ya fita, ka ce, "Baba Bitrus, tun yaushe?" Na roƙe ka kada shugabar makaranta ta ji, don wa zai riƙe makaho a aikin buga takardu? Ka rufa mini asiri. Ka ƙara girman haruffa, ka riƙa duba kurakuraina a tsaye, kana yi kamar hira ta kawo ka.

Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, bayan an tashi, ka saka mini manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya. Sai aka kira la'asar. Ka ce, "Gobe in Allah Ya kai mu zan gaya maka sunanta, in ɗora yatsanka bisa maɓallin, ka buɗe abinka da kanka." Na ce haba Malam, ko ni ba za ka yi wa sassauci ba? Ka ce ni ne ma na fi kowa buƙatar iya nemo ta ba da ido ba.

Tana nan cikin kwamfutar, Malam, amma ban san sunanta ba. Kullum ina danna maɓallin taga, jerin sunaye ya fito, ni kuwa hazo kawai nake gani. Na rubuta duk kalmar da ta zo mini, shiru. Abin da zai karanta mini allo, sai na karanta allo kafin in same shi. Wanda duk na ce ya nemo mini, na gaya masa sirrina ke nan. Ga jarrabawa ta ƙarato, ga takardu sun taru. Wallahi na karaya.

Matata Lydia ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Ta ce in cire zancen ido, tunda a gaban malamai za a karanta. Na ƙi. In na cire shi, na cire mafi girman alherinka.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ina yi wa mai ɗakinka Malama Zulaiha ta'aziyya, da 'ya'yanku, da mutanen Ƙofar Marke baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri.

Shugaba, yanzu kin ji. Makullin ofis yana aljihuna, in za ki karɓe shi.