Ƙarfen gurzar Kaka

Ni na yi laifi, kuma na daɗe ban faɗa ba.

Muna yara a Garhanga, bayan sallar isha muke kewaye murhun Kaka Hajo, mahaifiyar babana. Ba ta tatsuniya hannu sake. Tana da dutsen gurza da wani siririn ƙarfe da ubanta, maƙeri, ya ƙera mata. Da shi take murza kaɗa, wato auduga, tana fidda ƴaƴan, labari na tafiya da ƙarar ƙarfen. In na yi gyangyaɗi sai ta zungure ni da shi.

"Tashi, angona! Miji na kwana, wa za ya tsare ni daga kura?"

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta dila. Dila ya saci hauyar wata tsohuwa, ya kai maƙera aka mayar da ita gatari don kada a gane. Amma duk icen da ya sara, sai gatarin ya yi ƙara: "Na tsohuwa ne!" Kaka takan matse murya wurin faɗin haka, mu yi ta dariya har mu faɗi.

Da na tasa na koyi gyaran moto, wato babur, a Madawa, na komo gida ba kayan aiki, ba halin saye. Sai na shiga haɗa nawa. Guntun bututun ruwa na bubbuga bakinsa ya zama abin kwance buji, wato fulogi. Tsohuwar waya ta zama ƙugiya. Ƙarfen cire taya kaɗai ya gagare ni, duk wanda na gwada lanƙwashewa yake. Wata rana Kaka ta tafi suna, na ɗauke ƙarfen gurzarta, na sa a wuta, na dake bakinsa ya yi faɗi. Bai taɓa lanƙwashewa ba.

Ta nema har cikin toka. Ta tambaye ni, na ce ban gani ba. An sayo mata wani, ta ce ba ya jin hannunta. Daga nan gurza ta tsaya, tatsuniya ma ta ja baya. Ƙannena ba su ji ta dila ba.

Shekaru ina cin abinci da ƙarfen nan. Da ina ɗaukar labarin dila abin dariya ne, sai da na ga kowace taya na ɗaga, in ƙarfen ya gogi bakin ƙafar moto ya yi ƙara, ji nake kamar yana cewa na tsohuwa ne.

Bara, idonta ya riga ya tafi, na durƙusa na sa mata shi a tafin hannu. Ta shafa bakin da na dake, ta shafa inda hannunta ya cinye tun da.

"Angona," ta ce, "ya kira sunana ke nan?"

"Kullum, Kaka. Ni na ɗauke shi, kuma na yi miki ƙarya. Ki gafarta mini."