Esansi a Tankin Yahaya

Mu matan bakin tabki mun san Yahaya tun yana tuƙa motar furoje, wancan na dashen itatuwa da ya yi shekaru a nan Madarumfa. Farar mota ce doguwa, irin wadda ake ce wa kat-kat, mai shan gazuwal, wato man dizal. Da furojen ya tashi a shekarar 1993 aka yi gwanjon kayansa, sai Yahaya ya sayar da gonarsa ta hanyar Safo da bijimai biyu, ya karɓi motar. Mutane suka yi ta magana. Wasu suka ce ya shiga dakon kaya zuwa Jibiya, can arziki yake. Shi ko ya ce ba ya son sana'ar da mutum ke waige-waige.

Abin da ya zaɓa shi ne kayanmu. Kifin da muke saye hannun masunta da sassafe, da tumatir da albasa da zogalen masu lambu, shi zai kwasa ya kai Maraɗi, ya bi gida gida da rumfa rumfa ya miƙa wa masu shi. Kafin shi, 'yan sari ke zuwa bakin ruwa su tsaya kanmu har rana ta ɗaga, sun san kifi ba ya jira, abin da suka ga dama shi za su ba mu. Ni na shiga sana'ar bayan na fita takabar Malam, Allah ya jiƙansa, kuma da ita nake ciyar da 'ya'ya huɗu. Saboda haka in na ce motar Yahaya, to tukunyar gidana nake nufi.

Gidansa da nawa danga ce ta raba, kuma jikin dangata yake aje motar. Kowace safiya, in ya dawo masallaci, ina ganinsa ta tsakanin kara. Ba ya taɓa makulli sai ya buɗe tanki ya zura wani siririn ice da ya yi wa tsage-tsage da wuƙa, ya zaro, ya duba, ya kai hanci. Kowace tsaga litar biyu ce. Mizanin mai da ke gaban motar ya daɗe da mutuwa, kuma ya ce ko yana da rai bai yarda da shi ba.

Da wannan icen ya gano abin da ke cinsa. Wata rana ya ce mini, "Gwaggo, motar nan 'yar daji ce. Daga nan zuwa Maraɗi kurɓa kawai take yi. Amma da na shiga gari, tsaya nan, tashi can, lungu, baya-baya, sai ta buɗe maƙogwaro. Yawon cikin gari ya fi tafiya da dawowa shan mai."

Na ce, "To ka riƙa kashe ta mana in ka tsaya."

Ya yi dariya. "Mu shofarori an koya muna motar gazuwal ba a kashe ta. Ka bar ta tana gurnani ko awa za ka yi. In na kashe kuma, ƙofa ashirin, tayarwa ashirin, batir ba ya ɗauka."

Ya ce ƙaramar mota mai esansi, wato fetur, ita ta dace da lungunan Maraɗi, amma ita kuma ba ta iya yashin hanyar lambu, balle da damina in Gulbi ya kawo. Ya yi kwanaki yana juya abin. Daga ƙarshe ya sa aka ƙera masa amalanken hannu, ya ba wani mai shayi ajiya kusa da kasuwa. In ya isa, sai ya tsayar da motar ƙarƙashin iccen dogon yaro, ya kashe ta sau ɗaya, ya jera kaya bisa amalanke, ya tura da ƙafarsa har unguwannin Mokoyo da Sabon Gari. Mutumin da ya ɗauki manyan baƙi a kujerar baya, ga shi yana tura kifi cikin rana.

Abokansa na tasha ba su bar shi ba. "Shofer! Wannan ma sai da farmin tuƙi ake tuƙa ta?"

"Wannan tuwo take sha," in ji shi, "kuma bakina yake bi."

Ba don wannan dabara ba, da ya ƙara mana kuɗin dako ko ya bar aikin. Bai yi ko ɗaya ba.

Babbar mai sayen kifinmu ita ce Hajiya Balaraba, mai gidan abinci a Maraɗi, wadda ma'aikata ke cin abincin rana wurinta. Rabin abin da muke aikawa ita ke ɗauka. Mace ce mai gaskiya amma ba ta da wasa. Tun farko ta gaya masa, kifi ya same ta kafin ƙarfe tara, ran da ya wuce haka ta nemi wani. Shekara uku bai saɓa ba.

Sai shekarar da mai ya yi wuya a Najeriya, inda ake kawo mana shi, har masu sayar da shi a kwalabe bakin hanya suka fara ɓoyewa. Cikin wannan hali matarsa Salamatu ta haihu. Muka taru mu tara a gidan Iya Atika, wadda ita ce babbarmu, muna shawarar bikin da za mu kai. Wata ta ce turmi, wata ta ce sabulu. Iya Atika ta ce, "Turmi na Salamatu ne, za a kai. Shi hwa? Yaron nan kullum yana leƙen tanki kamar mai leƙen rumbu da bazara. Mu cika mishi shi, ya tashi ya gani."

Kowa ta yi na'am. Sai maganar wane iri. Mun san iri biyu ne. Mun san gazuwal Yahaya yake zubawa. Amma a ganinmu gazuwal shi ne na talaka, mai duhu, mai maiƙo, mai araha, yana sayensa ne don abin da hannunsa ya kai ke nan. Esansi kuwa garau yake, ya fi tsada, shi manya ke zubawa. Iya Atika ta ce, "Wanda kullum ke cin wake, ranar sunan ɗansa ai nama za ka ba shi." Ni ma na ce haka ne. Ba zan ɗora mata ita kaɗai ba.

Kowace ta nemo kwalba guda, wasu biyu, muka haɗa litar goma sha ɗaya. Masu sayarwa ba su tambaye mu ba, sun ɗauka na injin ban-ruwan lambu ne. Ranar suna da la'asar, maza na ƙofar gida ana ta gaisuwa, muka zaga ta bayan dangata. Ni na riƙe mazurari, Iya Atika ta tsiyaya, tana bisimilla kan kowace kwalba.

Washegari muka iso da kwanonin kifi, mun rufe da jiƙaƙƙen buhu, kowa na danne dariya. Yahaya ya fito, ya gaishe mu, ya zura icensa. Da ya zaro sai ya tsaya. Ya sake zurawa. Ya kai hanci, ya murza da yatsa biyu, ya dubi yatsun suna bushewa.

Iya Atika ta kasa haƙuri. "Bikinmu ne, ɗan nan! Mai kyan muka sa maka, ba wannan baƙin naka ba."

Ya ajiye icen. Sannan ya durƙusa gabanta kamar yadda ake yi wa uwa, ya ce, "Iya, Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci. Ban taɓa samun biki irin wannan ba." Ya juya ya dubi motar. "Sai dai ita wannan, cikinta ba ya ɗaukar nama. In na tayar da ita yanzu, injin zai tahi, kuma ba ni da na wani."

Wata ta fara salati. Iya Atika ta zauna ƙasa daɓas ta ce, "Mun kashe ka."

"Ba ku kashe ni ba, ban murza makulli ba. Gwaggo, a ba ni babbar roba da jarka. Ku yayyafa wa kifi ruwa, a kai shi inuwa."

Ya cire rigar da ya ci suna da ita, ya shige ƙarƙashin mota. Ya kwance tanki, komai ya zubo, namu da nasa litar takwas da ya yi kwana biyu yana nema, duk sun gauraye. Bai ce uffan kan nasa ba. Ya juye a jarka ya toshe, ya ce zai riƙa ɗiga mata kaɗan kaɗan cikin gazuwal mai yawa, ba za a zubar da kyauta ba.

Saura abin da za a zuba. Duk garin ba mai sayar da gazuwal ranar. Ya ruga wurin Ɗan Baba mai injin niƙa, don injinsa shi ma gazuwal yake sha. Ɗan Baba ya ce litar shida gare shi, in ya bayar ba niƙa yau. Iya Atika, da ta biyo baya tana haki, ta ce, "Ba shi! Matan garin nan ba su manta turmi ba. Wadda ta yi ƙorafi ka turo mini ita." Ya bayar.

Litar shida, Yahaya ya ce, ita ce zuwa da dawowa cif, in bai yi ko taku ɗaya cikin gari da motar ba. Ya zuba, ya yi ta danna wani ɗan famfo a jikin injin yana fitar da iska, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sau uku tana tari tana mutuwa. A na huɗu ta kama. Lokacin rana ta yi sama, tara ta wuce.

Abin da ya faru can, Hajiya Balaraba ce ta ba ni labari da bakinta daga baya. Ta ce sha ɗaya saura ya iso, yana tura amalanke da gudu, hannu duk baƙin mai. Ta riga ta aika kasuwa an sayo mata wani kifi. Ta ce masa, "Malam Yahaya, mun yi magana da kai."

Ya ce, "Mun yi, Hajiya. Motata ta sha abin da ba nata ba, kuma ni ke da alhakin tsaronta. In za ki bar ni, ki bar ni, amma kifin na mata ne, marayu ke ci daga ciki. Ko a hannun wani ne ki ci gaba da karɓa."

Ta tambaye shi wa ya yi wannan aika-aika. Ya ce masoya ne. Ta matsa, ya ƙi ƙarawa. Ta buɗe buhu, ta ɗaga kunnen karfasa ta duba, ta danna cikin tarwaɗa. Ta ɗauki tarwaɗar, ta ce karfasa ta sha rana, ya mayar.

Mu ko muna bakin hanya tun azahar, ba wadda ta iya cin abinci. Sai bayan la'asar muka hango farar motar tana tahowa a hankali kamar mai tausayin ƙasa. Daidai kwanar shiga gari ta yi shiru, ta gangaro da kanta, ta tsaya nesa kaɗan da mu. Man ya ƙare. Muka kama, mu tara, shi na goma, muka tura ta har jikin dangata.

Ya sauke kwanonin karfasa uku da aka maido, ya ce a hura wuta a yi bandarsu tun ba su juya ba. Iya Atika ce ta daure ta tambaya, murya ƙasa ƙasa. "Hajiya hwa?"

Ya goge fuska da hular kansa. "Ta ce abin yau ya wuce, kada a sake. Gobe takwas da rabi take son ganina, ba tara ba. Ni zan ari keke in tahi Gabi, an ce akwai mai jarkar gazuwal guda can. Ku dai ku fito da wuri."