Baba Direba da Kajinsa Masu Cin Zogale

Shekara da shekaru Baba Direba ya yi yana jan babbar mota, yana kai buhunan abincin kaji gona-gona, amma bai taɓa tsayawa ya kalli kaza da kyau ba sai in a faranti take. Da idonsa ya fara rauni, ya ajiye makulli ya dawo gida. Zaman ya gundure shi. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya kwance fanka ya kasa mayarwa, har matarsa ta kira babbar 'yarsu ta ce, "Ki samo wa ubanki abin yi, tun bai kai ga keken ɗinkina ba."

'Yar ta zo da kwali cike da 'yan tsaki, irin kajin naman nan masu saurin girma. Baba ya kewaye bayan gida da waya, ya shimfiɗa dusar katako, ya rataya fitila. Kamar mota ya ɗauke su. Da safe ya duba ruwa, ya duba abinci, ya kasa kunne ko akwai mai tari. Ko hamma kaza ta yi, sai ya ɓarke ƙunshin magani ya zuba.

Ran da likitar dabbobi ta zo rigakafi, ta ga tarin ledojin maganin, ta riƙe baki.

"Baba, ai ka mayar da su kantin magani! Mai cin naman shi zai shanye sauran. Rigakafi dole ne, amma in buɗe ciki da ƙiba kake nema, gwada garin zogale da tafarnuwa da citta da ɗan kurkum a abincinsu. Kaɗan-kaɗan fa."

Baba ya ji komai, ban da ƙarshen maganar. Yana rako ta ya faɗa kicin.

Da yamma matarsa ta leƙo. "Maigida, ina tafarnuwata?"

"Tana bakin aiki," in ji shi, yana kirɓa turmi, gumi na tsiyaya.

Ya juye dakan duka a mazubin abinci. Kajin suka rugo, suka yi cirko-cirko, suka karkata kai suna duban abincin da ido ɗaya, sannan suka ja da baya suna atishawa. Tela maƙwabcinsu ya ɗago kai ta katanga ya ce, "Baba, tun da ransu ka fara sa musu kayan ƙanshi?"

Baba bai yi dariya ba. Har washegari ba wadda ta kai baki, ya zauna a kan bokiti ya yi tagumi, ransa a jagule. Matar ta sha dariyarta har da hawaye, sannan tausayi ya kama ta.

"Kai hanya ka sani, ni tukunya na sani. Ko gishiri ne ya yi yawa, ai miya ta tashi daga aiki. Je ka tambayo likita ma'auni, sauran ka bar mini."

Ya je ya dawo. Ta shanya zogalen a inuwa don kada korensa ya gudu, ta daka, ta tankaɗe, ta auna da cokali, ta cakuɗa har sai da ya ɓace cikin buhun abincin kajin. Kajin suka hau ci ba ɗaga kai. Kafin wani lokaci ƙirji ya buɗe, gashi ya yi sheƙi, suna tafe suna rangaji kamar masu sabon takalmi. Mai dafa abinci a wani otal ya zo, ya ɗaga guda, ya jinjina, ya ce a kama masa duka, kuma a ajiye masa zubi na gaba.

Yanzu aikin na su biyu ne, kullum da 'yar gardamarsu a kan wanda ya fi iya awo. Zogalen gidan bai isa ba, don haka maƙwabta ke kawo ganye a kwando, shi kuma ya cika musu shi da kashin kaji su kai lambu. Tela ma ya dasa itacen zogale uku a ƙofar shagonsa, ya ce ba zai bari a yi ba shi ba.